Minti Biyu Don Shalele

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka koma koyon tafiyar ƙasa, Mai Hoto na bakin kasuwa, a madadin iyalinsa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsa, Shalele, wadda ta riga mu gidan 'yan gwangwan ranar Talata da tsakar rana, a tsakiyar hawan da ke kan hanyar asibitin ido, bayan gajeriyar rashin lafiya ta minti goma sha biyu. Ta rasu tana da shekara goma sha ɗaya, bakwai daga ciki a hannunsa.

Marigayiyar mai turbo ce, wato na'urar nan da ke ƙara wa inji ƙarfi, kuma ba ta taɓa ɓoye hakan ba. Duk wanda ya zauna a layinsu ya san muryarta: "fiiiw" idan an taka totur, "fusss" idan an canza giya. Ta ɗauki fitilun hoto da ƙafar kyamara ba ta yi ƙorafi ba. Ta kai 'yan biyunsa makaranta, ta jure ɓawon gyaɗar da suke cusa mata a tsakanin kujeru. Aibinta ɗaya ne, kuma da shi aka haife ta: zafin jiki. Turbo kan yi zafi har ya yi ja, duk abin da ke maƙwabtaka da shi a ƙarƙashin bonet kuwa sai ya ji a jikinsa.

Tun ranar farko bakanike ya gargaɗi Mai Hoto cewa bayan doguwar tafiya kada ya kashe ta nan take, ya bar ta tana aiki minti biyu, baƙin mai ya zagaya, turbo ya sarara. Bawan Allah ya riƙe wannan magana da hannu biyu. Kullum ya dawo sai ya zauna a ƙofar gida yana kallon agogo, ko ana ruwa, ko abinci na sanyi. Da safe ya duba ruwan lagireto, ya tsince ganye da ledar da suka toshe mata hanyar iska, ya saurari fanka. Uwargida ta sha faɗa cewa a gidan nan mota kaɗai ake zama a jira ta huce.

Ciwon ajali ya faro ne daga wani ɗan farantin ƙarfe da ya lulluɓe turbo, wanda aikinsa tare zafi kada ya kai ga wayoyi da tiyon ruwa. Farantin ya saki, yana "kar-kar-kar" duk lokacin da mota ke tsaye. Shekara da shekaru yana yi, ba wanda ya damu, sai da Baba Direba ya ce yana so a kai shi asibitin ido.

Baba Direba surukin Mai Hoto ne, tsohon direban babbar mota, yana zaune da su a ɗakin da tagarsa ke kallon ƙofar gida. Idonsa ya yi rauni, amma kunnensa kan ji faɗuwar allura. Tun da aka sayi Shalele bai taɓa shigarta ba, bai kuma taɓa kiran mijin 'yarsa da komai ba sai "mai hoton nan". Wannan abu ya daɗe yana ci wa Mai Hoto rai, ko da yake ko a gaban uwargida bai taɓa furtawa ba. Da tsohon ya yarda a ɗauke shi, sai Mai Hoto ya ƙudurta cewa kunnen nan ba zai samu abin kushewa ba. Ranar Litinin da yamma ya ɗauko filaya, ya ɓalle farantin, ya rataye shi a ƙusa a shago. Shalele ta yi tsit kamar baƙuwa, shi kuwa har da murmushi. Garin neman gira ke nan.

Washegari suka kama hanya, rana na dukan bonet, ga cunkoso, ga hawa. Zafin da ba mai tare shi ya narkar da rigar wayoyi, ya gasa tiyo har ya tsage. Mai Hoto ya ga allurar zafi tana hawa, ya gani sarai, amma kunyar suruki ta hana shi tsayawa. Ya ce a ransa asibiti ai ga shi can. Baba ya shaƙi iska sau biyu.

"Tsaya! Roba ke ƙonewa. Ina farantin nan mai surutu?"

Kafin a ba shi amsa, marigayiyar ta yi "fiiiw" ɗin da ba ta ƙarasa ba, ta yi tari uku, ta saki farin tururi, ta cika. Da bakanike ya iso ya leƙa kawai, ya cire hula, ya ce injin ya dahu.

Mai Hoto ya zauna a bakin kwalta, abin duniya ya ishe shi, yana jiran hukunci. Baba ya laluba ya zauna kusa da shi.

"Shekara bakwai ina jin ka ta taga kana ba ta mintinta biyu. Ko sau ɗaya ba ka yanke mata ba. Direbobin da na horar ma ba su yi haka ba. Ƙarar nan kuwa, ɗana, noti ɗaya ne. Da ka tambaye ni."

Shaidun gani da ido sun tabbatar cewa a nan ne Mai Hoto ya fashe da kuka, kuma har yau ba a tantance ko na mota ba ne ko na "ɗana".

Marigayiyar ta bar tayoyi huɗu da safaya, da batir mai sauran ƙarfi, da rediyon da ke kama tasha ɗaya, da farantin da aka ambata, wanda ke rataye a shago cikin ƙoshin lafiya. Allah ya maye gurbinta da mafi alheri.

Za a ɗauki gawar da janwe ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, daga garejin bakanike zuwa filin 'yan gwangwan. Daga can Mai Hoto zai wuce duba wata motar, tare da Baba, wanda ya ce shi zai zaɓa da kunne, kuma a gaba zai zauna. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida, daidai inda take tsayawa. Iyalin ba sa bukatar komai daga masu zuwa, sai roƙo ɗaya: duk wanda ya zo da mota, kada ya kashe ta nan take. Ya ba ta minti biyu. Baba yana bakin taga, yana ji.