Hagun Gururaj, Daman Kowa

"Ni fa jirgi a kaina yake zaune," in ji Injiniya Gururaj Kulkarni, yana hura kofi a ofishinsu na zayyana jiragen sama a Bengaluru ta Indiya. "Cike fom aikin masu ƙaramar ƙwaƙwalwa ne."

Bari ka ji abin da gogan yake rainawa. Jirgi ɗaya, sassa goma ke zana shi: masu mai, masu lantarki, masu iska. Don kada bututun wani ya ratsa na wani, aka amince kowa ya bayyana kayansa a kwamfuta da tsari guda, lamba iri ɗaya, awo iri ɗaya. Hagu da dama kuwa daga kujerar matuƙi ake ƙirga su. Shi sarkin cika baki a gaban hancin jirgi yake tsayawa, hannu a ƙugu, ya rubuta hagunsa.

Ga shi kujerar shugaban sashen iska yake nema ido rufe. Har ya sa an sassaƙa masa allon tagulla da sunansa.

Abokin aikinsa Thimmaiah ya leƙo. "Yallaɓai, kwamfuta ta ƙi zanenka, ta yi ja."

"Hassada ce. Yaushe aka haife ta?"

"Ko dai mu duba tare?"

"Je ka cike fom ɗinka, ɗan sakatare."

Sai ya naɗe zanensa na bututun iskar sanyi, ya haɗa da kwalin alewa, ya kai wa masu haɗa samfurin jirgin na gwaji hannu da hannu.

Ranar Ayudha Puja, da ake yi wa kayan aiki ado da furanni, aka rataya wa samfurin jirgin nasa furannin, aka kunna turare. Gururaj ya zo da matarsa da surukarsa, allo a hammata. Madam Vasundhara, shugabar aikin, ta ce a kunna na'urorin jirgin.

Minti biyar, akwatin na'urorin da ke dama ya fara gumi. Allunan matuƙi suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ƙauri ya danne turare.

"Malam Kulkarni, ina sanyin da ka zana wa na'urorin nan?"

"Yana hanya, Madam. Sanyi mai inganci ba ya gaggawa."

Sai ga surukarsa ta fito daga ban-ɗakin jirgin da ke hagu, ta ƙudundune cikin zanenta na sari, haƙora na kaɗawa don sanyi. "Ɗana, wane mara imani ne ya zana wurin can?"

Kowa ya juyo. Wallahi har ni na ji masa kunya.

Madam ta zare allon daga hammatarsa, ta karanta a nitse, ta miƙa wa Thimmaiah. "Kujerar taka ce. Wannan kuwa a kafa shi a ƙofar ban-ɗakin, tunda nan kaɗai aikinsa ya isa."

Thimmaiah ya ɗauko guduma, ya ɗan rusuna. "Yallaɓai, a hagu zan kafa ko a dama? Faɗa mini, in yi akasin haka."