Ranar da Na Tashi Kare Rakiya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da 'yata Rakiya za ta kare binciken digirinta na dakta a wata jami'a nan Washington. Tun asuba na ajiye tasi a gida, can Lanham a gefen birnin, na zura babbar riga, ni da mamanta muka tafi. Ni dai karatuna a aji huɗu ya tsaya (malamin ne ya gaji, ba ni ba), amma da ta ce binciken kan masana'antun gwamnati ne da aka sayar wa 'yan ƙasar waje, na ce ai wannan fannina ne. Da ƙuruciyata na yi aiki a wata majema a Maraɗi, a gabana aka sayar da ita.

Muka zauna a baya. Malamai sun jeru, ba mai murmushi. Wani mai sanƙo ya tasa ta gaba da tambaya, ta amsa, ya sake jefo wata. Na ga ta koma tana lalube cikin takardunta. Na fara yunƙurin tashi. Shekarun da yarinyar nan ta yi ba barci, wannan mutum zai zubar da su a gabana?

Maman Rakiya ta riƙe mini riga. "Alhaji, zauna."

Ina! Na riga na miƙe. Da Turancin tasi, na haɗa da Faransanci inda ya ƙare, na ce su bar yarinya, gaskiya take faɗa: baƙi in sun sayi kamfani kashe shi suke yi. Namu da suka saya, ko fatar akuya ɗaya ba su fitar waje ba, injinan suka kwashe!

Kowa ya waiwayo yana kallona. Rakiya ta rufe ido.

Wata ɗaliba 'yar Jos da ke gefena ta raɗa mini, "Baba, ai akasin haka ta gano. Ta ce in baƙi suka mallaki kamfani ya fi fitar da kaya waje."

Ashe mai sanƙo na tashi na taya, ba 'yata ba.

Can sai aka ce kowa ya fita, har Rakiya, aka rufe ƙofa. Na ce shi ke nan, na kashe ta. Na jingina da bango, gumi har cikin hula. Mamanta ko kallona ba ta yi, sai "Allah ya isa" ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Rakiya, in shiga in ba su haƙuri? Zan durƙusa."

"Baba, don Allah kar ka ƙara shiga ko'ina."

Da ƙofa ta buɗe, mai sanƙon ne ya leƙo, ya miƙa mata hannu ya ce, "Dakta." Sai a mota Rakiya ta gaya mini fitar da mutane al'ada ce, kowa haka ake yi masa. Kuma ƙasashen gabashin Turai ta bincika, ko Maraɗi babu a ciki.

Abin da na koya: in mai sanƙo na yi wa ɗanka tambaya, aikinsa yake yi. Ranar bikin yaye su, Rakiya ta ba ni waya in ɗauki bidiyo da hannu biyu, mamanta kuma ta cika mini baki da goro don kar in sake buɗe shi.