Barkonon da Ya Ga Duniya

Ku gyara zama ku ji wannan, amma kada wanda ya katse ni da dariya sai na kai ƙarshe.

Wani mutum ne mai gyaran agogo. Hannunsa na da kyau, ba a nan matsalarsa take ba. Ciwonsa ɗaya ne: duk abin da aka ce daga ƙasar waje ya zo, to a wurinsa ya fi na gida, ko da tsintsiya ce. A shagonsa akwai agogon bango da ya saita a kan lokacin wata ƙasa mai nisa. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya ce, "Na nan ko na can?" Yana da fasfo kuma. Tun yana saurayi ya yi shi, ya naɗe a leda ya cusa ƙarƙashin katifa. In ya ƙare ya sabunta, ya mayar inda ya ɗauko. Ko tashar mota fasfon nan bai taɓa gani ba. Duk unguwa an san da zamansa, don kowace shekara sai gogan ya ce, "Bana kam ba da ni za a sha zafin nan ba."

Matarsa kuwa ba ruwanta da can. A bayan ɗaki tana da tsofaffin bokitai da suka huje, a jere jikin katanga, ta shuka barkono a ciki. Irin na mahaifiyarta ne, ita ma a wurin tata uwar ta samu. Ɗan siriri ne, ja wur, da wutsiya a lanƙwashe kamar ƙugiya. Yaji kuwa, in ka ciza sai ka tuna laifin da ka yi bara. Irin tana adana shi a cikin tsohuwar kwalbar maganin tari, a saman taga.

Mijin yana cinsa a miya kullum, amma bai taɓa sunkuyawa ya dube shi a jikin itacensa ba.

"Wannan barkonon naki ko suna ba shi da shi," in ji shi.

"Barkonon Inna ne sunansa."

"Wannan ai ba suna ba ne, adireshi ne."

Wata rana wani da ya kawo gyara ya sa shi a wani zaure na waya, na masu lambun bayan gida daga ƙasashe daban-daban. Dokarsu ɗaya ce: ka aiko iri, a aiko maka iri. Gogan ya duba gidansa kaf, bai ga abin aikawa ba sai kwalbar saman taga. Ya juye ta tas a ambulan. Don kada matar ta girgiza ta ji shiru, sai ya zuba 'yan ƙananan ƙarafan agogo a ciki, ya rufe, ya mayar. Da aka tambaye shi sunan barkonon a zauren, kunya ta kama shi, ya rubuta, "Ba shi da suna, a yi haƙuri da shi."

Aka aiko masa da irin tumatir daga wata ƙasa mai sanyi. Ya shuka, ya kafa masa fanka, yana jera masa ƙanƙara a gindi. Tumatir ya yi ta tsawo har ya leƙa gidan maƙwabta, ganye kamar a yi rumfa, amma ɗa ko na rantsuwa babu.

"Maigida, yaushe baƙon naka zai haihu?"

"Bai saba da mu ba tukuna. Kunya yake ji."

Shekara ta zagayo, ta sake zagayowa. Sai zauren ya ɗauki zancen wani barkono da ba a taɓa ganin kamarsa ba. Sunansa dogo ne, na wani yare, gogan ya yi ta gwadawa har ya ciji harshensa. Ko hotonsa ba a sawa, wai kada ɓarayin iri su gani. An ce ya ratsa ƙasashe, har teku ya haye. Wani tsohon malamin makaranta ne a ƙetaren iyaka yake da shi, kuma ba ya ba kowa. Mutuminku ya yi roƙo, ya yi magiya, ƙarshe ya kwance agogon hannunsa, wanda ko wanka da ƙyar yake cire shi, ya aika. Malamin ya ji tausayinsa.

Da saƙon ya iso aka ce ya je ofishin da ake duba kayan waje ya karɓa. Ya sa rigarsa mai kyau. Ya tarar da jami'i a bayan tebur yana juya ɗan ƙunshin a hannu.

"Mene ne a ciki?"

"Iri ne, yallaɓai."

"Irin me?"

"Irin na waje."

"Na ga daga waje yake. Na ce wane iri ne?"

"Ai babu irinsa, yallaɓai."

"Malam, ka ce iri ne, yanzu ka ce babu irinsa. Akwai ko babu?"

"Akwai shi, irinsa ne babu."

Jami'in ya cire tabarau ya dube shi da kyau. "To ina takardar lafiyarsa?"

"Lafiyarsa ƙalau, yallaɓai. Ga shi a hannunka, ko tari bai yi ba."

Jami'in ya buɗe, ya kai hanci. Sai atishawa, wata na bin wata, har hular kansa ta faɗo kan tebur.

"Ka gani ko? Daga zuwansa ya fara kama ma'aikata. Dole a killace rabi, saboda tsaron ƙasa."

Ya juye rabin a aljihun rigarsa, ya miƙo sauran. Gogan ya yi godiya har da rusunawa. Ya kai bakin ƙofa ke nan sai ya ji an kira shi a hankali.

"Malam! A can wurin killacewar... sau nawa ake ba shi ruwa?"

Ranar matar ta tafi duba ƙanwarta da ba ta da lafiya. Gogan ya zagaya bayan ɗaki, ya dubi bokitan, ya ga duk a cike. Ina za a saukar da babban baƙo? Ya naɗe hannun riga ya tumɓuke barkonon Inna gaba ɗaya, lokacin kuwa fure kawai ya yi, ko ɗa bai fara ba. Ya watsa ta kan katanga, akuyar maƙwabci ta yi masa godiya.

Da matar ta dawo ta ga bokitai fayau, ba ta yi ihu ba. Ta wuce saman taga ta ɗauko kwalba, ta girgiza, ta ji ƙara, ta ce alhamdu lillahi. Ta buɗe ta juye a tafin hannu.

"Maigida."

"Na'am."

"Wannan in na shuka, agogo zai tsiro?"

Ya fara bayani a kan ci gaban duniya. Ta ɗaga masa hannu.

"Ba ni za ka yi wa ba. Irin nan daga kakata ya fito, kuma na wurin Inna tsutsa ta cinye bara, nawa take jira in ba ta. Tana nan zuwa. Kai za ka gaya mata da bakinka."

Gogan ya waiga ya dubi taga. Mutum ne da in surukarsa ta shigo ta ƙofa, shi ta taga yake neman fita. Amma ya daure ya ce a ransa: in Inna ta ga na waje, wa zai tuna da na ƙauye?

To, ku zo ku ga hidima. Ya shuka irin a bokitan, ya ciro agogon bangon nan daga shago ya rataye a katanga, don a riƙa ba baƙo ruwa a kan lokacin ƙasarsu. Rana tsaka, ana neman inuwa, sai ka gan shi da buta yana cewa, "Can yanzu gari ya waye." Ruwan ma na roba ne, na sayarwa. Ya kafa masa lema. Ya ajiye rediyo a gefe, ya kamo wata tasha da ba wanda ke jin abin da suke faɗa, wai kada kewar gida ta kama shi. Ya hana a yi magana da ƙarfi a bayan ɗaki. In zai wuce ta wurin, sai ya cire takalmi.

Duk da haka shukar ta yi yaushi, ta langaɓe kamar wadda aka yi wa rasuwa.

Wata safiya bayan ya tafi shago, matar ta zo wucewa da ruwan wanke-wanke. Ta tsaya ta dubi ganyen. Ta daɗe tana dubawa. Ta murza ɗaya ta shinshina. Sai ta kashe rediyon, ta ture lemar, ta sheƙa masa ruwan kwanon nan duka. Ba ta ce wa kowa komai ba. Kullum haka, in ta ji dawowar maigida ta mayar da lema ta kunna rediyo.

Barkono ya miƙe, ya yi fure, ya zuba 'ya'ya har rassa na rinjaya.

"Kin ga aikin ilimi?" in ji gogan. "Dubi wutsiyar nan! Dubi tsari! Ina za ki ga wannan a ƙasar nan?"

"Ina kuwa," in ji ta.

Ranar da Inna za ta zo, ya lulluɓe bokitan da sabon zanen gado. Ya gayyato tela da mai aski da maƙwabcin nan mai akuya, don in abin ya zo da faɗa a samu masu ba da haƙuri. Inna ta iso, ta sha ruwa, ta huta, ta ce, "'Yar nan, ina barkonona? Ɗebo mini irin in ƙulle tun ban manta ba."

Matar ta nuna mijinta da haɓa.

Ya durƙusa nesa kaɗan, kansa a ƙasa. "Inna, wato... naki dai Allah ya yi masa cikawa. Amma an samu wanda ya fi shi. Daga ƙetare."

Aka zagaya baya. Ya yaye zanen a hankali kamar mai buɗe sabuwar mota. Tela ya ce ma sha Allah. Mai aski ya ce daga gani wannan ba a nan aka haife shi ba.

Inna ta matsa, ta sunkuya. Ta tsinki ɗaya, ta goge a gefen mayafi, ta jefa a baki ta tauna kamar gyaɗa.

"Yo ɗan nan, wannan ai barkonona ne."

"A'a Inna, kama ce. Wannan teku ya haye."

"Ko sama ya haye, na san abina. Ni da na yi ta cinsa tun ban yi haƙora ba?"

Mai aski ya fara tari. Gogan ya ga mutuncinsa na shirin zubewa a gaban jama'a, ya zaro waya ya kira malamin nan na ƙetare, ya buɗe murya kowa ya ji.

"Malam, don Allah gaya wa mutanen nan asalin barkonon da ka aiko mini."

"To, ni dai a wurin wata likita na samu a hayin teku," in ji malamin. "Ita ta raɗa masa sunan. Ita kuma wani direban jirgin ruwa ya ba ta. Shi kuma ya ce asalinsa daga wani bawan Allah ne mai gyaran agogo, can wajenku. Wai ambulan guda ya bayar, har da ba da haƙuri, aka sallame shi da wani tumatir da ba ya haihuwa. Kai ma mai agogo ne, ko ka san shi?"

Gogan ya kashe wayar. Rediyo na ta surutu da yaren da ba mai ji. Tela ya juya yana nazarin katanga. Akuya ta leƙo.

Can dai ya share gumi, ya gyara murya.

"To, ai ko ba komai, Inna, yanzu ya waye. Ya ga duniya."

"Ya gani kam," in ji matar. "Sai ka ɗauko fasfon nan daga ƙarƙashin katifa ka ba shi, kai kuma ka shiga bokitin mu riƙa ba ka ruwa."