Raɗan da Duk Gida Ya Ji

Na rantse 'yata Ummi ba za ta yi irin tawa ba, ni da na ga jinin farko na ɗauka mutuwa ce ta zo. Ranar da na taso daga aiki a kamfanin roba na Sharada, na sayi audugar mata, na shigo gidanmu na haya ina taku kamar malamar asibiti.

Na ja ta ɗaki na saki labule. Na ce, "Ummi, maganar nan daga ni sai ke."

Na zayyano mata komai tiryan-tiryan: ciwon mara, sa auduga, wankan tsarki. Yarinya sai nuna kunnena take tana "Umma, Umma". Na ce, "Kul! Babba na magana."

Ashe abin toshe kunnen da muke sawa saboda ƙarar injin ne ban cire ba. Ni a jina raɗa nake yi.

Da na ɗaga labule, mai gidan hayar ya bar alwala rabi ya fice. Maƙwabciyata Maman Sadiya kuwa ta jera 'yan matanta uku a ƙarƙashin tagata.

"Yaya, maimaita wajen wankan," in ji ta, "ƙaramar ba ta gane ba."

Ummi ta daɗe tana fushi, amma da lokacinta ya zo, ko gezau. Har yau in yarinya ta tasa a layinmu, sai uwarta ta leƙo: "Lasifika, yaushe darasi? Ba sai mun zo ba, daga gida ma muna ji."