Mai Tsire da Gurup ɗin Kasuwa

Wani mai tsire ne a bakin rijiyar kasuwar Urafane, ya ga jama'a sun bar teburinsa sun koma wurin maƙwabcinsa Mamudu. Ya tare wata tsohuwa da ta saba saye wurinsa.

"Inna, mi na yi muku?"

Ta ce, "Ɗana, ba ka cikin gurup ne? 'Yan kasuwa sun buɗe shi a waya. Kowa ya ci abu, tun bai haɗiye ba zai sa murya ya faɗi yadda ya ji."

Ya roƙa aka sa lambarsa. Ranar kasuwa ya jingina wayar kusa da garwashi, ya kasa kunne.

Can sai ga muryar wata mata, Zuhura: "Jama'a, tsiren mutumin nan na bakin rijiya yaji ya yi mishi yawa. Har yanzu ina hawaye."

Ya ce, "Subhanallahi!" Ya kwashe tsiren duka ya tsoma a bokitin ruwa, ya wanke tas, ya mai da kan wuta. Wani makiyayi da ke tsaye yana jiran nasa ya karɓa, ya gatsa, ya ciro waya nan gabansa.

"Salamu alaikum 'yan gurup. Mai tsiren bakin rijiya wanki yake sayarwa."

"Haba, ɗan'uwa! Ga ni gabanka, ba sai ka gaya mini ba?"

"Ai za ka ji, kana ciki."

Mai tsire ya juye yajin gwangwani guda a kan naman. Kafin ya gama atishawa, wani ya sa murya wai naman tauri gare shi kamar takalmin taya.

Gogan ya ce yau sai ya wanke kansa. Ya danna wayar, ya kai tsoka baki. "Ku saurara da kunnenku, ku ji laushi!"

Ƙas! Haƙori ya tafi, muryar ma ta tafi gurup. Mutane suka yi ta tambaya, wannan ƙarar ta nama ce ko ta mai nama?

Bayan la'asar ba wanda ya ƙara tsayawa. Ya ga in ba a yabe shi yau ba, kasuwa mai zuwa sai dai ya zo kallo. Ya zagaya bayan rumfa, ya toshe hanci, ya maƙale murya.

"Salamu alaikum, ni wata baƙuwa ce daga Kona. Wallahi ban taɓa cin tsire irin na bawan Allahn nan na bakin rijiya ba. Ga laushi, ga tsabta, ga shi kyakkyawa."

Ya dawo ya gyara wuta, ya shiga jiran layi. Wayar ta yi ƙara. Zuhura ce.

"Sannu da zuwa, baƙuwa, mun gode da shawara. Amma don Allah, 'yar'uwa, gemun nan da ke kan hotonki, da shi kika zo daga Kona ko nan ya tsiro miki?"