Yadda Za Ka Yi Tafiyar da Lokotoro Ya Ɗora Maka Ba Tare da Ka Gaji Ba

Kai mai tumbi, lokotoro, wato likita, ya ce ciwon sukari ya kama ka, ko? Wai kitse ya taru har jikinka ya daina jin maganar insulin, mai buɗe wa sukari ƙofa. Ya ce ko ka riƙa tafiyar awa ɗaya kullum, ko bayan wata uku a fara yi maka allura safe da yamma. Kwantar da hankalinka. Ni ma haka aka gaya mini a Madawa, kuma dabarata ba ta taɓa sa kowa haki ba.

1. Fita da hujja

Sayi takalmin 'yan ƙwallo, ka ɗaure igiyarsa a gaban uwargida. Tawa Jima har addu'a ta yi mini. Aikin da aka yi wa addu'a ai an ci rabinsa.

2. Zaɓi babbar hanya

Kada ka bi ta gonaki, babu mai ganinka sai jakai. Bi ta kasuwar albasa. A ƙasarmu babban mutum ba ya tafiya a ƙasa sai da dalili. Kafin ka yi taku ashirin, wani zai tsaya da moto, wato babur.

"Alhaji, lahiya? Mi ya hwaru da motarka? Hau in kai ka!"

Ka hau. Ƙin alheri girman kai ne, shi kuwa ya fi sukari illa.

3. Girmama jama'a

Sauka a rumfar Muntari mai tukuɗi, abin shan nan mai zaƙi na gero da dabino. Zai ce, "Wallai ka rame, zamna ka sha." Bai ga rama ba, amma kada ka ƙaryata dattijo. Sha ƙwarya biyu. Idan Isufu mahauci ya miƙo tsire, wannan tsakaninka da shi ne.

4. Gumi

Kafin ka shiga gida, zuba ruwan buta a ƙeya da ƙirji. Kada ya wuce kima. Ran da na cika shi, Jima ta tambaye ni ko rijiya na faɗa.

5. Labari

Ce ka kai har Sabon Gida ka dawo. Gobe ka ce Buza. Kada ka ce Keita, ƙarya ma tana da iyaka.

Gargaɗi

Wannan dabara tana cin mata, maƙwabta da surukai. Ba ta cin ɗan akwatin nan da ke lasar ɗigon jini a yatsa, don shi ba ya jin kunyar kowa. Duk abin da ya tona, babu ruwana, kada a zo mini gida da ƙara. Ko an zo ma ba ni da sukuni: lokotoro ya koya wa Jima yin allurar, Muntari kuma ya ba ta labarin tukuɗin duka. Tun daga ranar, sai ta zaɓi inda ya fi zafi ta soka mini.