Yana Iya Fashewa

Idan ana ambaton manyan mutanen da suka riƙe garin Yerwa, wato Maiduguri, a shekarun da ya sha wuya, rashin adalci ne a tsallake sunan Darakta Kashim. Wasu sun riƙe garin da bindiga, wasu da gora, wasu da addu'a. Shi da kwamfuta ya riƙe shi, wata 'yar baƙa mai ninkewa, wadda ba ta kunnuwa sai an danne mata gefe da babban yatsa.

Shi ne mamallakin Kamfanin Gilashin Duniya na Kashim da 'Ya'yansa. 'Ya'yan ba su iso ba tukuna, don ko auren ba a yi ba, amma babban mutum yakan hango nesa. Hedikwatar kamfanin tana unguwar Bolori, ɗaki guda tsakanin injin markaɗe da mai facin taya. A katinsa an buga muƙamai uku: Shugaba, Babban Darakta, da Mai Kula da Reshen Afirka. Mutanen unguwa suka ƙara masa na huɗu, Alhaji Onlayin, saboda ba ya yin magana uku bai ce onlayin ba. Ya karɓi sunan hannu bibbiyu, a zatonsa yabo ne.

Hajarsa tagogi ne da fitilu na gilashi mai launi-launi, irin wanda ake yankawa gutsi-gutsi a haɗa da dalma, in rana ta bugo shi ta baya ɗaki ya cika da ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. A shafin kamfanin akwai hoton Darakta cikin kwat, ya sunkuya a kan wata taga, abin yankan gilashi a hannunsa. A ƙasa ya rubuta cewa kowane ɗaya da hannunsa yake yi. Duk wanda ya san sana'ar zai lura a juye ya riƙe abin yankan, amma cikin mutum goma sha ɗaya da ke bin shafin babu wanda ya san ta. Bakwai ma 'yan gidansu ne.

A bayan ɗakin, ƙarƙashin wata rumfar kwano, akwai abin da Darakta yake kira Sashen Ƙere-ƙere. Sashen mutum ɗaya ne, wani dattijo mai suna Manasse, daga wani ƙauye a kudancin Borno. Tun yana saurayi ya koyi aikin a cocin garinsu, kuma shi ya yi babbar tagar da ke bayan mumbari. Ranar da aka ƙone garin, mutane sun gudu da hatsi da awaki. Shi sai da ya koma cikin toka ya tsince abin da ya rage na tagar a buhu, sannan ya bi sahu. Ya iso Maiduguri ba shi da inda zai ajiye kansa, Kashim ya ba shi rumfa. Wannan alheri ne na gaske, kuma ba na musun sa. Sai dai Darakta yana tuna wa duniya shi sau biyar a rana.

Girman mutumin bai bayyana sosai ba sai a watannin da aka kashe layin waya a garin gaba ɗaya. Ba kira, ba saƙo, balle intanet. Da ƙaramin ɗan kasuwa ne, da ya rufe shago ya nemi wani abin yi. Darakta kuwa kullum ƙarfe takwas yana kan kujera, kwamfuta a buɗe, yana kallon farin allo da fuskar mai duba rahoto. Mai faci ya taɓa tambayarsa me yake gani a ciki. Ya gyara zama ya ce:

"Kai taya kake gani, ni kasuwa nake gani. Mutanen Dubai suna nan suna jira na. Su sun san babban kamfani ba ya mutuwa don an ɗauke layi. Hutu yake ba abokan hamayya."

Da layi ya dawo, mutanen Dubai ba su ce komai ba. Darakta ya bayyana cewa kunya ce ta hana su.

Ana nan, wata safiya saƙo ya shigo, na farko tun da aka kafa kamfani. Wata malamar makaranta ce mai suna Dorothy, daga Jos. Ta ce ta ga hotunan, kuma ta san hannun da ya yi su, don a ƙarƙashin taga irin wannan aka yi mata baftisma. Ta tambaya ko Baba Manasse yana raye. Mutanen garinsu da suka tsira sun taru a bayan Jos, sun gina ɗan coci da bulo, sun bar gurbin taga ɗaya a buɗe. In dattijon yana nan, suna roƙo ya cike musu shi.

Darakta ya amsa mata cewa lallai akwai wani mai irin wannan suna cikin ma'aikatansa, zai duba. Sannan ya zagaya unguwa yana sanar da cewa kamfanin ya shiga kasuwar Filato.

Labari ya kai kunnen Manasse. Ya jawo buhun nan daga ƙarƙashin gadonsa, ya zazzage a kan tabarma. Wata takwas ya yi yana aikin. Idanunsa sun soma yin yana, har sai ya ɗaga gutsuren gilashi saitin rana ya daɗe yana dubawa kafin ya rarrabe shuɗi da kore. Ya san ba zai ƙara yin wata ba, kuma ya faɗa. Da ya gama, aka jingina tagar a bakin rumfa da hantsi. Kurciya ce fara a kan ruwa, kewaye da tsoffin gutsattsarin da wuta ta ɗan dafe. Matan da suka kawo markaɗe suka tsaya da robobinsu a hannu. Ni ma ina wurin, kuma ban ji kunyar share ido ba. Darakta ya shiga gabanta ya sa aka ɗauke shi hoto.

Saura aikawa. Manasse ya kawo shawara irin ta talakawa. Ya ce a naɗe ta da tsoffin barguna, a sa tsakanin katifu biyu, a ba Umara direba, wanda ya saba hanyar Jos kuma masu tsaro sun san fuskarsa. In an tambaya a shinge, sai a ɗaga bargo su gani da idonsu. Darakta ya saurare shi da haƙurin da ake yi wa wanda bai yi boko ba.

"Baba, wannan aikin ƙauye ne," in ji shi. "Kamfani ba ya aika kaya kamar kayan lefe. Akwai tsari na ƙasa da ƙasa."

Tsarin ya fara da akwatin katako, aka buge shi da ƙusoshi ta ko'ina, ba mai buɗe shi sai da guduma. Sannan ya zo kan rubutu. Ya lura manyan kamfanoni suna buga gargaɗi a jikin kaya da Turanci. Shi kuwa mai kishin harshe ne a ranar, don ya ce masu lodi ba sa jin Turanci. Ya sayo jan fenti, ya zana da manyan baƙaƙe a kowane gefe: HATTARA. YANA IYA FASHEWA. KADA A JIJJIGA. Ya ja da baya ya duba, ya ce ko a Landan iyaka ke nan.

A wani garin, a wata shekarar, kowa zai gane gilashi ake nufi. A Maiduguri ta wannan lokacin, in aka ce abu ya fashe, ba wanda yake tuna kofin shayi. Manasse ya faɗa masa haka a hankali, mai faci ma ya faɗa. Darakta ya ce matsalar mutanenmu ke nan, tsoron ci gaba.

Bai tsaya nan ba. Ya ji ana cewa kamfanonin waje suna bibiyar kaya har su isa. Don haka kafin a buga murfi ya jefa wata tsohuwar waya a ciki, ya cika ta da caji, ya tura wa Dorothy lambar, ya ce ta riƙa kira lokaci-lokaci don ta ji lafiyar kayanta. Manasse ya tambaya wa zai ɗauka in ta kira. Darakta ya ce wannan tambaya ce ta wanda bai taɓa fita waje ba. Shi kansa iyakarsa Potiskum.

Ranar tafiya ya sa kwat, ya ce zai raka kaya har bakin gari. Manasse ma ya shiga motar, don ya ga fitar tagarsa. Umara ya so ya cusa akwatin ƙarƙashin buhunan wake, Darakta ya hana. Ya ce a ɗora a sama inda sunan kamfani zai fito. Umara bai yi karatun boko ba, ya ɗauka jan rubutun adireshi ne.

A shingen fita gari aka sauke fasinjoji kamar kullum, kowa ya ɗaga hannu ya taka a ƙasa. Wani soja ya zagaya motar. Ya tsaya a gaban akwatin, leɓɓansa suna motsi. Sai ya ja da baya taku uku ya daka tsawa. Kafin ka ce me, layin motoci ya watse. Masu tallar ruwa suka zubar da kaya suka ranta a na kare, wata mata ta bar takalmi ɗaya a kan kwalta.

Aka tara mutanen motar a gefe, a durƙushe. Babban cikin sojojin ya yi tambaya ɗaya: wa ya haɗa abin da ke cikin akwatin?

A nan ne Darakta Kashim, wanda ya shekara uku yana shaida wa duniya cewa da hannunsa yake yin kowane ɗaya, ya faɗi gaskiyarsa ta farko a harkar kasuwanci.

"Oga, wallahi tallahi ban taɓa haɗa komai ba a rayuwata. Ko yanka ban iya ba. Dubi hannuna. Hoto kawai nake yi. Ga mai haɗawa nan, tsohon nan ne."

Sojan ya dubi hannun. Sumul yake, ko ƙwarzane babu. Ya juya ga dattijon.

Manasse ya miƙe a hankali ya ce shi ne. Ya nuna tafukansa, duk tabon yanka da ƙunar dalma. Ya ce taga ce ta coci, ya faɗi sunan garinsu da abin da ya same shi. Ya roƙi a ba shi guduma, kowa ya matsa nesa, shi kaɗai ya je ya buɗe. In wani abu ya tashi, da shi kaɗai zai tashi. Sojan ya daɗe yana kallonsa. Ya san sunan garin, kuma an ga fuskarsa ta fara sauka. Har ya juya zai ce a kawo guduma.

Sai waya ta fara ƙara a cikin akwatin.

Malama Dorothy ce, tana bin umarnin kamfani. Ta kira, ba a ɗauka ba, ta sake kira. Ba na ganin laifin sojan nan ko kaɗan. Ya taɓa ganin abin da waya a cikin akwati take yi wa kasuwa cike da mutane. Aka kore kowa can bayan gona, aka kira masu kwance bam. Ba su kwance komai ba, don ba mai kusantar akwatin da ke kuka. Da igiya suka jawo shi cikin wani rami, suka tashe shi daga nesa. Ƙarar ba ta kai yadda aka zata ba. Abin da ya tashi sama ja ne da shuɗi da ruwan ɗorawa, ya yi ƙyalli a rana, ya zubo.

Bayan la'asar aka sake su, da aka tabbatar ba komai a ramin sai katako da gilashi. Manasse ya nemi izini ya sauka ciki. Ya cire hularsa ya durƙusa yana lalube cikin ƙasa, yana tsinta yana zubawa. Gutsattsarin sun fi na farko ƙanƙanta, da yawa ba su kai farce ba. Umara ya sauka ya taya shi. Sojan da ya yi tambayar ya tsaya a baki, ya kawar da kai.

Darakta kuwa jini ya fara dawo masa. Ya karkaɗe gwiwar wandonsa, ya gyara kwat, ya matso bakin ramin. Ya yi gyaran murya ya ce kamfani ya yi nazarin abin da ya faru, kuma an gano kuskuren daga ɓangaren sufuri ne. Duk da haka, saboda mutunta abokin ciniki, kamfani zai ɗauki nauyin aika ragowar zuwa Jos kyauta, cikin sabon akwati, da ingantaccen rubutu.

Manasse bai ɗago ba. Ya ɗaga wani ɗan gutsure saitin rana, ya daɗe yana dubawa, bai gane launinsa ba, ya jefa a hula.

"Rubuta abin da ka ga dama, Darakta," ya ce. "Yanzu ba sauran abin da zai fashe."